Dashen ciki na IVF: Bambancin tsare-tsaren allurar zaburar da ƙwai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum ɗaya cikin kowane baligi shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa.

Rahoton da hukumar ta fitar a watan Afrilun 2023 ya nuna cewa babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta a yawan masu fama da matsalar. Inda aka sha bamban shi ne wajen samun magani.

Ga ma'auratan da likita ya ce musu sai an yi dashen ciki na IVF, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje sannan a mayar cikin mahaifa, aikin yana somawa ne da allurai. Mace za ta shafe kwanaki, wani lokaci makonni, ana yi mata allura a fatar ciki, ko kuma tana yi wa kanta, domin gidan ƙwanta ya nunar da ƙwai da dama a lokaci guda.

Akwai tsare-tsare daban-daban na ba da waɗannan allurai. Wanda likita ya zaɓa shi ne zai yanke yawan allurar da za ta sha, da kuɗin maganin da iyali za su biya, da yawan ƙwan da za a samu, da kuma girman haɗarin da za ta shiga.

Ko da matsalar daga wajen miji take, mace ce ke shan allurar. Tun daga 1992, lokacin da likitoci a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam suka gano yadda za a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya a tura ta cikin ƙwai, ana yi wa mata masu cikakkiyar lafiya wannan aiki saboda raunin maniyyin mazajensu.

Yadda jiki ke yi da kansa

Ana haihuwar 'ya mace da ƙwai tsakanin miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu a gidajen ƙwanta biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu da mahaifa. Kafin ta balaga sun ragu zuwa kimanin dubu 300 ko dubu 400, kuma a tsawon rayuwarta waɗanda za su nuna su fito ba za su wuce 400 zuwa 500 ba.

Kowane ƙwai yana girma ne cikin wata 'yar jaka mai ruwa. A kowane wata wasu daga cikin jakunkunan sukan taso tare, amma ɗaya ce kawai ke yin gaba, sauran su shanye su ɓace.

Umarnin yana fitowa ne daga ƙwaƙwalwa. Wani sashe nata yana sakin sinadarin da ake kira GnRH kaɗan-kaɗan, jifa-jifa, shi kuma ya taɓa wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituwitari. Ita ce ke fitar da sinadarai biyu, FSH da LH.

FSH ne ke renon jakunkunan. Yayin da suke girma sai su riƙa fitar da sinadarin estirojin, wanda ke sa FSH ya ragu, ta yadda jakar da ta fi ƙarfi ce kaɗai ke iya jurewa. Idan estirojin ya kai wani mizani, sai fituwitari ta saki LH mai yawa a lokaci guda. Bayan kimanin sa'o'i 36 jakar ta fashe, ƙwai ya fita.

Dukkan tsare-tsaren zaburar da ƙwai sun ginu ne a kan abubuwa uku: ƙara FSH domin jakunkuna da yawa su girma, hana LH ɓallewa kafin lokaci, da kuma allurar ƙarshe da ke nunar da ƙwan a sa'ar da likita ya tsayar. A mataki na biyu ne suka fi bambanta.

Daga ƙwai ɗaya zuwa goma sha

Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta hanyar IVF, an haife ta ne a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga watan Yulin 1978. Ba a yi wa mahaifiyarta allurar zaburar da ƙwai ba. Patrick Steptoe da Robert Edwards sun gwada magungunan a shekarun baya ba su yi nasara ba, don haka suka koma jiran ƙwai guda da jiki ke nunarwa da kansa.

To sai dai dogaro da ƙwai ɗaya tamkar shuka ƙwayar gero ɗaya ce a gona. Ba kowane ƙwai ne ke haɗuwa da maniyyi ba, ba kuma kowane ɗan tayi ne ke kama mahaifa ba.

Magungunan kuwa sun riga IVF zuwa. A 1949 wani masanin harhaɗa magunguna na kamfanin Serono da ke birnin Roma, Piero Donini, ya tace FSH da LH daga fitsarin matan da suka daina al'ada. Jikin irin waɗannan mata yana fitar da sinadaran da yawa, saboda gidan ƙwai ya daina amsa kira. Daga baya kamfanin ya riƙa tattara fitsarin tsofaffin mata masu hidimar cocin Katolika a Italiya, aka sa wa maganin suna Pergonal, kuma a farkon shekarun 1960 aka samu ciki na farko da shi.

A ɗaya ɓangaren, hukumomin Amurka sun amince da ƙwayar kulomifin, wadda aka fi sani da Clomid, a 1967.

A 1981 likitocin birnin Melbourne na Ostireliya suka samu haihuwa ta IVF bayan amfani da kulomifin. A ƙarshen wannan shekarar kuma Howard da Georgeanna Jones suka samu jaririyar IVF ta farko a Amurka, a birnin Norfolk, da allurar da aka tace daga fitsari. Tun daga nan zaburar da ƙwai ya zama ginshiƙin aikin.

Amma wata matsala ta kunno kai. Jakunkuna da yawa na nufin estirojin mai yawa, shi kuma yana ruɗin fituwitari ta saki LH tun ƙwan bai isa ba. A wancan zamani, kusan ɗaya cikin kowane zagaye biyar na lalacewa ta wannan hanya, ko dai ƙwan ya fita kafin likita ya ɗebo shi, ko kuma ya ɓaci.

Dogon tsari

Mafita ta farko ta samo asali ne daga aikin Andrew Schally da Roger Guillemin, waɗanda binciken da suka yi ya kai ga gano fasalin GnRH a 1971, suka kuma samu lambar yabo ta Nobel a 1977. Da aka san fasalinsa sai aka ƙera magungunan da ke kwaikwayonsa, waɗanda likitoci ke kira agonis.

Idan aka soma ba da agonis, a kwanakin farko yana sa fituwitari ta zubo da FSH da LH. Amma idan aka ci gaba babu ƙaƙƙautawa, sai ta gaji ta yi shiru, kamar mai gidan da aka dami ƙofarsa da bugu har ya daina amsawa. A 1984 wasu likitoci a birnin London suka ba da rahoton amfani da wannan dabara a aikin IVF.

A dogon tsari, mace tana soma agonis ne a wajen rana ta 21 ta watan da ya gabaci wanda za a yi aikin, ta allura ko ta feshin hanci. Bayan kimanin makonni biyu, idan hoton ciki da gwajin jini sun nuna cewa gidan ƙwai ya yi lamo, sai a ƙara allurar FSH ta kwanaki 10 zuwa 12. Jimilla aikin yakan ɗauki kusan makonni huɗu.

Amfaninsa shi ne jakunkunan sukan taso kai ɗaya, akan samu ƙwai da ɗan yawa, kuma asibiti na iya tsara ranar ɗiban ƙwai cikin sauƙi. Shi ya sa ya mamaye fagen har tsawon kusan shekaru 20.

Illarsa kuwa, a makonnin da aka danne sinadaran jiki mace kan ji irin abin da masu daina al'ada ke ji: zafin jiki mai tasowa kwatsam, da ciwon kai, da rashin barci, da saurin fushi. Allurai sun fi yawa, FSH da ake buƙata ya fi yawa, haɗarin kumburin gidan ƙwai ma ya fi girma.

Gajeren tsari

Wannan ma da agonis ake yin sa, amma ana soma shi ne a kwanakin farko na al'ada, tare da allurar FSH ko kwana ɗaya kafin ta. Manufar ita ce a ci moriyar zubowar da fituwitari ke yi a farko, ta ƙaru a kan abin da ake bayarwa ta allura.

An fi gwada shi a kan matan da gidan ƙwansu ba ya amsawa sosai. Sai dai gwaje-gwaje ba su nuna cewa ya fi sauran tsare-tsaren ba ko da a wajen irin waɗannan mata, kuma ga sauran mata sakamakonsa bai kai na dogon tsari ba. Amfani da shi ya ragu ainun.

Tsarin toshewa

A 1999 da 2000 hukumomin Turai da na Amurka suka amince da wasu sababbin magunguna biyu da ake sayarwa da sunan Cetrotide da Orgalutran, ko Antagon a Amurka. Ana kiran su antagonis. Su ba sa gajiyar da fituwitari, toshe ƙofar da GnRH ke shiga suke yi kai tsaye, kuma cikin 'yan sa'o'i LH ya faɗi.

Saboda haka ba a buƙatar makonni biyu na share fage. Mace za ta soma allurar FSH a rana ta biyu ko ta uku ta al'ada. A rana ta biyar ko ta shida ta allurar, ko kuma idan babbar jaka ta kai kimanin milimita 14, sai a ƙara antagonis sau ɗaya kullum. Idan jakunkuna sun kai milimita 17 zuwa 18 sai a yi allurar ƙarshe. Duka-duka aikin bai cika wuce kwanaki 10 zuwa 12 ba.

A shekarun farko likitoci da dama sun yi ɗari-ɗari da shi, domin gwaje-gwajen farko sun nuna cewa cikin da ake samu bai kai na dogon tsari ba. Masana sun danganta wani ɓangare na wannan giɓi da rashin sabo da maganin a lokacin.

A 2016 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magunguna, ta haɗa gwaje-gwaje 73 da suka ƙunshi mata 12,212. Ba ta ga wani bambanci tsakanin tsare-tsaren biyu ba wajen haihuwar jariri da rai. Ta ce idan damar haihuwa a dogon tsari kashi 29 cikin ɗari ce, to a tsarin toshewa tana tsakanin kashi 25 zuwa 33.

Inda aka ga bambanci shi ne a kumburin gidan ƙwai. Idan haɗarinsa a dogon tsari kashi 11 cikin ɗari ne, a tsarin toshewa yana tsakanin kashi 6 zuwa 9.

Bisa irin waɗannan hujjoji ne ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai, ESHRE, a jagoran da ta fitar a 2019, ta fifita tsarin toshewa ga akasarin matan da ke yin IVF.

Kumburin gidan ƙwai da allurar ƙarshe

Babban haɗarin zaburar da ƙwai shi ne larurar da likitoci ke kira OHSS. Gidan ƙwai yakan kumbura, jijiyoyin jini su riƙa yoyon ruwa zuwa cikin ciki, wani lokaci har ƙirji. Jini ya yi kauri, ƙoda ta shiga matsi, kuma jinin na iya daskarewa a jijiya. Matsakaiciya ko mai tsananinta tana samun kimanin kashi ɗaya zuwa biyar cikin ɗari na zagayen IVF, kuma ko da yake ba kasafai ba, ta kan yi kisa.

Abin da ke kunna ta shi ne sinadarin hCG, wanda mahaifar mace mai ciki ke fitarwa. Yana kama da LH, don haka tun farko shi ake amfani da shi a matsayin allurar ƙarshe, a ɗebi ƙwan bayan kimanin sa'o'i 36. Matsalarsa ita ce yakan daɗe a jiki kwanaki da dama yana ci gaba da zuga gidan ƙwai. Idan kuma ciki ya shiga, jiki ya soma fitar da nasa hCG, sai larurar ta ƙara tsananta.

A nan ne tsarin toshewa ya samu wata fa'ida ta biyu. Tun da ba a gajiyar da fituwitari ba, likita na iya maye gurbin hCG da allurar agonis guda ɗaya, wadda za ta sa jiki ya saki nasa LH na ɗan gajeren lokaci. Ƙwan zai nuna, haɗarin kumburi mai tsanani kuma ya ragu matuƙa. A dogon tsari ba za a iya yin haka ba.

To amma bayan irin wannan allura shimfiɗar mahaifa ba ta samun isasshen tallafi daga gidan ƙwai, don haka akan daskarar da 'yan tayin gaba ɗaya, a dasa a wani watan bayan jiki ya huta.

Wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin, aka wallafa a 2016, ya ƙunshi mata 1,508 masu larurar PCOS, wato tarin ƙananan jakunkuna a gidan ƙwai tare da rikicewar al'ada. Waɗanda aka daskarar da 'yan tayinsu sun haihu da kashi 49.3 cikin ɗari, waɗanda aka dasa musu nan take kuwa kashi 42. Kumburi ya samu kashi 1.3 na rukunin farko, da kashi 7.1 na rukuni na biyu. Sai dai hawan jini mai haɗari na masu ciki ya fi yawa a rukunin farko, kashi 4.4 a kan kashi 1.4.

Alamomin da ke buƙatar komawa asibiti ba tare da jinkiri ba su ne kumburin ciki mai ƙaruwa, da ciwo mai tsanani, da amai, da raguwar fitsari, da ƙaruwar nauyi cikin sauri, da sarƙewar numfashi, da kumburi ko ciwo a ƙafa ɗaya.

Sassauƙan tsari

Wasu likitoci na ganin cewa neman ƙwai masu yawa ya wuce gona da iri. A sassauƙan tsari ana ba da FSH kaɗan, galibi awo 150 ko ƙasa da haka a rana, wani lokaci tare da ƙwayar kulomifin ko letrozol.

Kulomifin yana rufe wa ƙwaƙwalwa ido ne ga estirojin, sai ta ɗauka babu shi, ta ƙara FSH. Letrozol kuwa, wanda asalinsa maganin sankarar mama ne, yana rage estirojin ɗin ne da kansa, sakamakon ya zama iri ɗaya.

Wani gwaji a ƙasar Holan da aka wallafa a 2007 ya raba mata 404 gida biyu. Rukuni ɗaya ya samu sassauƙan tsari da dashen ɗan tayi guda, ɗayan kuma dogon tsari da dashen biyu. Bayan shekara guda, kashi 43.4 cikin ɗari na rukunin farko sun samu cikin da ya kai ga haihuwa a kan kari, rukuni na biyu kuwa kashi 44.7. Tagwaye sun kasance kashi 0.5 a rukunin farko, kashi 13.1 a na biyu.

Wannan yana da muhimmanci, domin duk da farin jinin da tagwaye ke da shi, cikinsu ya fi haɗarin haihuwar bakwaini da hawan jini da zubar jini.

Abin lura shi ne sassauƙan tsari yakan ba da ƙwai kaɗan a kowane zagaye, ba a cika samun rarar da za a daskarar ba, kuma mace na iya buƙatar maimaita aikin. Idan kuɗin ɗakin gwaje-gwaje ne ya fi yawa a lissafi, rangwamen da aka samu a magani na iya tafiya a maimaitawar.

Ƙwaya maimakon allura

A 2015 likitocin birnin Shanghai ƙarƙashin jagorancin Kuang Yanping suka ba da rahoton wata hanya ta daban. Maimakon allurar antagonis, sai mace ta riƙa haɗiyar ƙwayar furojestin, dangin sinadarin da jiki ke fitarwa bayan fitar ƙwai, wanda shi ma ke hana LH ɓallewa.

Ƙwayar ta fi allura araha nesa ba kusa ba. Amma tana sauya shimfiɗar mahaifa, don haka tilas a daskarar da dukkan 'yan tayin. Tsarin ya fi dacewa da inda dama an yi niyyar daskarewa, kuma asibitin na da ƙwarewa a kai.

Har ila yau bincike ya nuna cewa jakunkuna na tasowa fiye da sau ɗaya a wata, saboda haka ba dole ba ne a jira al'ada. Ana amfani da wannan ga matan da aka gano suna da sankara, waɗanda ke son a adana musu ƙwai kafin a soma maganin da zai iya lalata shi.

Wace mace, wane tsari?

Kafin zaɓar tsari, likita yana duba shekarun mace da nauyinta, da gwaje-gwaje biyu. Na farko gwajin jini ne na sinadarin AMH, wanda ƙananan jakunkuna ke fitarwa. Na biyu ƙidayar ƙananan jakunkunan ne ta hoton ciki. Dukkansu suna nuna yawan ƙwan da za a iya samu, amma ba sa nuna ingancinsa. Inganci yana tafiya ne da shekaru.

Matan da ake sa ran za su amsa fiye da kima, musamman masu PCOS da masu ƙuruciya da AMH mai yawa, su ne suka fi haɗarin kumburi. A wajensu tsarin toshewa da FSH kaɗan ne aka fi amincewa da shi.

Ga masu matsakaicin hali, tsare-tsaren biyu na ba da haihuwa daidai wa daida, amma na toshewa ya fi aminci da sauƙi.

Rukuni mafi wuya shi ne na matan da ba sa amsawa sosai. A 2011 ƙungiyar ESHRE ta tsayar da ma'aunin da aka sa wa sunan birnin Bologna: mace ta shiga wannan rukuni idan ta haɗa biyu cikin uku, wato shekara 40 zuwa sama ko wani dalili makamancinsa, samun ƙwai uku ko ƙasa da haka a zagayen baya, da kuma gwajin da ya nuna ƙarancin ajiya. A wajensu jagoran 2019 bai fifita wani tsari a kan wani ba, kuma ya ce wuce awo 300 na FSH a rana ba shi da amfani. Allura ba ta ƙirƙirar jakar da babu ita.

Dangane da yawan ƙwan da ake nema, wani nazari na zagaye 400,135 da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa damar haihuwa daga dashen farko tana ƙaruwa har zuwa ƙwai 15, ta tsaya tsakanin 15 zuwa 20, sannan ta soma raguwa. Haɗarin kumburi kuwa yana ci gaba da hawa.

Haka nan ana yawan tambaya kan nau'in FSH ɗin. Tun 1995, lokacin da Turai ta amince da Gonal-F, akwai wanda ake sarrafawa a masana'anta ban da wanda ake tacewa daga fitsari. Gwaje-gwaje ba su nuna wani babban bambanci tsakaninsu wajen haihuwa ba, don haka farashi da samuwa ne ke yanke hukunci.

Halin da ake ciki a Najeriya

Aikin IVF ya soma a Najeriya tun shekarun 1980 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, a hannun Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie. A 1998 kuma aka haifi wata jaririya ta wannan hanya a Abuja ƙarƙashin kulawar Dokta Ibrahim Wada. Akasarin cibiyoyin na 'yan kasuwa ne, suna manyan birane, kuma iyalai ne ke biya daga aljihunsu.

A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, toshewar bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa na daga cikin manyan dalilan rashin haihuwa ga mata, sau da yawa sakamakon cututtukan sanyi da ba a yi maganinsu ba, ko ƙwayar cuta bayan haihuwa ko ɓari. Ga mai irin wannan matsala, shan Clomid da aka saya a kyamis ba zai buɗe bututu ba. Ko ga wadda ƙwayar ta dace da ita, ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce kimanin watanni shida, kuma a sha ƙarƙashin kulawa.

Tsawon tsari yana da nasa lissafin ga wadda za ta taso daga wani gari. Kowane tsari na buƙatar zuwa asibiti sau da dama don hoton ciki da gwajin jini, ga kuɗin mota da na masauki. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin alluran ana ajiye su ne a firji, kuma zafi da ɗauke wuta na iya rage musu ƙarfi.

Akwai kuma ɓangaren addini. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halatta IVF tsakanin miji da matarsa, muddin igiyar aure na nan kuma babu ƙwai ko maniyyin wani. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tsayar da irin wannan matsaya a zamanta na birnin Amman a 1986.

A ƙasashen Yamma, macen da ƙwanta ya yi ƙaranci akan ba ta shawarar karɓar na wata. Tun da wannan ƙofa a rufe take a wajen jumhurun malaman Sunna, ga mace Musulma abin da gidan ƙwanta ya bayar shi ne jarinta. Shi ya sa zuwa asibiti da wuri ke da nauyi na musamman. Likitoci na ba da shawarar bincike ga miji da mata tare bayan shekara guda babu ciki, ko bayan watanni shida idan matar ta haura shekara 35.

Fargaba biyu

Wasu mata na tsoron cewa allurar za ta ƙarar musu da ƙwai, su daina al'ada da wuri. Allurar tana ceto jakunkunan da dama za su shanye a wannan watan ne, ba ta taɓa ajiyar da ke kwance.

Fargaba ta biyu ita ce sankara. Wani nazari a Holan da aka wallafa a 2016 ya bi diddigin mata fiye da dubu 25 na kimanin shekaru 21, bai kuma ga ƙaruwar sankarar mama ba a tsakanin waɗanda suka yi IVF.

Duk tsarin da aka bi, zagaye ɗaya ba kasafai yake isa ba. Wani nazari na mata kusan dubu 157 a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa kashi 29.5 cikin ɗari ne suka haihu daga zagayen farko, amma an ƙiyasta cewa adadin zai kai kimanin kashi 65 bayan zagaye shida. Ga mata 'yan shekara 40 zuwa 42 zagayen farko ya ba da kusan kashi 12, ga waɗanda suka haura 42 kuwa ƙasa da kashi huɗu.

Yadda jikin mace ya amsa a zagayen farko shi ne jagora mafi inganci ga na biyu. Don haka yana da kyau ma'aurata su karɓi rubutaccen bayanin abin da aka yi musu: sunan tsarin, da awon maganin kowace rana, da irin allurar ƙarshe, da yawan ƙwan da aka ɗiba da waɗanda suka nuna, domin likita na gaba ya ɗora daga inda aka tsaya.